Allura Uku a Gidan Nagoggo

A garin Babban Mutum idan ka ce Jibrilu, sai an tambaye ka wanne. Idan ka ce Nagoggo, tsofaffi ne za su gane, don su suka san goggon da ta raine shi bayan rasuwar uwarsa. Amma ka ce Likita, kowa zai nuna maka shagon nan mai shuɗiyar ƙofa da ke bakin kasuwa. To, ba likita ba ne. Bai taɓa zama ba, ko hanyar makarantar bai sani ba. Da ƙyar ya gama firamare, ya leƙa sakandare shekara biyu, ya fito yana cewa malaman ba su iya koyarwa ba.

Abin da ya yi dai na gaskiya shi ne aiki a wani asibiti a Daura, shekara tara cur. Aikin kuwa turin gado ne. Ya turo mara lafiya daga nan ya kai can, ya kwashe zannuwa ya kai wanki, a aike shi ɗauko tukunyar iskar numfashi. Aiki ne na halal, ba wanda zai raina shi, sai shi mai yin sa. Shi ne ya raina shi. A shekarun nan tara bai koyi komai ba sai tafiyar likitoci, da yadda suke rataya abin sauraren ƙirji a wuya, da kalmomin Turanci kamar goma sha biyu waɗanda bai san inda ake ajiye rabinsu ba. Da aka rage ma'aikata ya dawo gida da farar riga guda, wadda har yau ba a san ta wane bawan Allah ce ba, ya buɗe kemis.

Ilminsa duka bai wuce abu biyu ba. In jikinka da zafi, maleriya ce. In ka sha maganin maleriya ba ka warke ba, taifot ne. In jikinka ba zafi, to lafiyarka ƙalau, gajiya ce, ga maganin ƙarin jini. Yakan ɗora bayan hannunsa a goshin mutum, ya lumshe ido, ya ɗan girgiza kai kamar ana yi masa raɗa, sannan ya juya ga kanta. Mutanen ƙauyukan kan iyaka kuwa allura suke so, gani suke ƙwaya wasa ce, shi kuma ba ya rowar allura. Wanda ya warke ya ce hannun Likita da albarka. Wanda ya mutu ba ya dawowa ya yi ƙorafi. Haka ya yi shekara ashirin, ya yi tumbi, ya sayi babur, ana kiransa ɗaurin aure a ba shi tabarmar gaba.

'Yarsa Asma'u ita ce ta uku a ɗakin matarsa Laraba, yarinya mai sanyin hali wadda ba a taɓa jin muryarta daga zaure ba. Ta auri Hussaini, wani mai fataucin shanu daga wani ƙauye a yammacin gari. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gidan iyayenta, kamar yadda ake yi, ta haihu a gaban uwarta ta yi wankan jego a nan. Ranar wata Alhamis da hantsi ta sauka lafiya, namiji. Nagoggo ya shigo ya leƙa zanin, ya ce ga wanda zai ƙwace masa mata ya iso, mata suka yi dariya. Murnarsa ta gaskiya ce, wannan kam ba a hana shi ba. Ya so yaron.

Kwana biyu yaro yana tsotso yana tsala kuka. Ranar Asabar sai ya yi shiru. 'Yan barka suna shigowa suna fita, kowace ta ɗauke shi ta ce kai, wannan yaro da haƙuri yake, ko uhum ba ya cewa, ya ɗauko halin uwarsa. Asma'u tana zaune a ƙuryar gado, fuskarta a bango. Ɗan fari ne, ba ta da bakin magana a kansa. Ba za ta ɗauke shi a gaban mutane ba, ba za ta kalle shi ba, balle ta ce wani abu na damunsa, sai a ce ba ta da kunya. Ita kaɗai ta san tun asuba in ta sa masa nono sai ya kama ya saki, ya kama ya saki, har ya daina kamawa. Sai da ɗakin ya yi sauƙi ta ce da uwarta ƙasa-ƙasa, "Inna, ba ya sha."

Laraba ta kwance zanin. Cibiyar da ake ta gasawa da tsumma ta yi ja, jan ya bazu zuwa fatar ciki, ga ɗan wari. Tafin ƙafarsa sanyi ƙalau. Ta aika aka kira maigidan daga shago.

Ya zo da farar rigarsa, ya ɗora bayan hannu a goshin jariri, ya lumshe ido.

"Ba zazzaɓi," in ji shi. "Lafiyarsa lau. Barci ne irin na jarirai."

"Malam, ai sanyin ne ya ba ni tsoro. Ko a kai shi asibiti a duba?"

"Asibiti? Wane asibitin? Yaro ko suna ba a yi ba a fita da shi titi? Kuma daga gidana? Mutane su taso daga Nijar su zo wurina, ni kuma a ga an fita da jikana a mota a kai wa yaran da aka haifa ina bakin aiki? Laraba, ki riƙa tauna magana."

Abin da bai sani ba, wanda duk wata nas da ta yi wata uku a ɗakin jarirai ta sani, shi ne cutar da ta shiga jinin jariri ba lallai ta zo da zafi ba. Sau da yawa da sanyi take zuwa, da shiru, da ƙin nono. Shekara tara yana wucewa ta ƙofar ɗakin da ake faɗin wannan kullum, amma hankalinsa na kan yadda ake rataya abin sauraren ƙirji.

Duk da haka cibiyar ta tsaya masa a rai. Da la'asar, da ya ga tsakar gida ba kowa, Laraba tana bayan ɗaki tana hura wutar ruwan wanka, sai ya shigo da 'yar kwalbar maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda yake yi wa manya. Ya kimanta da ido, ya ja kaɗan a sirinji. Ya ce da Asma'u ta riƙe ƙafar. Ta riƙe, kanta a sunkuye. Yaron ya ɗan yi ƙara kamar ɗan kyanwa, ya koma shiru. Ranar Lahadi ya sake yi da safe, ya sake da yamma. Allura uku, ba wanda ya gani sai ita. Ya ce mata ba sai ta faɗa wa kowa ba, mata ba su san aikin likita ba, surutu kawai za su yi.

Ranar Litinin Hussaini ya zo gaisuwa, aka fito masa da yaron zaure. Shi ma ɗan farinsa ne, ga shi gaban suruki, kamata ya yi ya ɗan leƙa ya kau da kai. Amma ya sa ɗan yatsa a bakin yaron, ya jira, bai ji an ja ba. Hussaini bai yi boko ba, sai dai tun yana ƙarami yake cikin garke. Ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Ni dai ban san aikinku ba. Amma a wurinmu maraƙin da ya daina tsotso ba mu ce masa mai haƙuri. Ina roƙon arziki a bar ni in kai shi Daura."

Nagoggo ya cika ya yi fam. Sai dai ɗa na ubansa ne, kuma mutum biyu na zaune a zauren sun ji. Nan take ya juya maganar, ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan, akwai wani gwaji da yake so abokan aikinsa na can su yi masa, shi zai kai su da kansa. Ya shiga gida ya sake hula. Farar rigar dai ya ninke ta ya bari, don ya san inda za shi.

Suka isa kafin azahar, shi da Hussaini da Laraba da Asma'u. A ɗakin jarirai wata dattijuwar nas ta karɓi yaron, Sista Ummukulsum, wadda saura mata shekara guda ta ajiye aiki. Ta dubi cibiyar, ta taɓa ƙafa, ta ƙirga numfashi, ta aika a kira likita da sauri. Sannan ta ɗago ta kalli mai babbar rigar da ke tsaye yana gyaran murya.

"A'a! Nagoggo? Kai ne ka zama haka? Ina gadonka?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita ce wadda ta taɓa kama shi da sirinji a hannu shekaru da yawa da suka wuce, ta wanke shi tas a gaban marasa lafiya, ta ce in ta sake gani sai ta kai shi ofis. Hussaini, wanda bai taɓa jin an kira surukinsa da wani suna ban da Likita ba, ya sunkuyar da kai don kara.

Likitan ya zo, saurayi ne siriri, bai fi sa'an babban ɗan Nagoggo ba. Ya duba yaron, ya ce yana zargin ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa, mai yiwuwa ta cibiya. Ya ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwa a ciki ya nuna musu, ya yi bayani da Hausa sarai yadda ko Laraba ta gane.

"Za mu ɗebi jini kaɗan mu zuba a nan. Ruwan da ke ciki abincin ƙwayoyin cuta ne. Za a sa kwalbar a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. In akwai su a jinin, za su hayayyafa mu gan su, mu san irinsu da maganin da ke kashe su. Kafin nan za mu fara masa magani yanzu, ba za mu jira ba. Amma akwai tambaya guda, kuma ina so a gaya mini gaskiya. An ba shi wani magani a gida? Na sha ko allura? Don in an riga an yi masa, ƙwayoyin sukan lafa, kwalbar ta fito fes alhali cutar tana nan. In na san an yi, ba zan yarda da kwalbar ba, sai ya cika kwana goma yana karɓar magani ko me ta nuna."

Ba a taɓa yi wa mutum tambaya mai sauƙi kamar wannan ba. Kalma ɗaya ce amsarta. Nagoggo ya ji bayanin, ya kuma gane shi, kada wani ya ce bai gane ba. Ya dubi likitan, ya dubi surukinsa, ya dubi Sista Ummukulsum da ta tsaya da biro a kan kati tana kallonsa ta saman tabarau. Ya hango ta a ransa tana cewa, allura, Nagoggo? Jariri ɗan kwana uku? Wa ya ba ka izini? Ya hango maganar ta riga shi isa Babban Mutum a bakin direbobin tasha.

"Ba a ba shi komai ba," in ji shi. "Ni ai na san doka. Ko ruwan zam-zam ban bari an ɗiga masa ba."

Sista ba ta rubuta ba tukuna. Ta juya ga Asma'u.

"Maijego, ke fa? Ke ce da shi dare da rana."

Asma'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ubanta na tsaye, mijinta na tsaye, ana tambayarta game da ɗan fari, kuma amsar ita ce ta ƙaryata mahaifinta a gaban surukinsa da baƙi. Tun tana rarrafe ake koya mata kada ta yi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ta sunkuyar da kai ƙasa. Laraba, wadda ba ta san komai ba, ta ce, "Kunya take ji, 'yar nan. Na fari ne. Ba a ba shi komai ba, a gabana yake." Sista ta rubuta.

Aka ɗebi jinin daga bayan hannunsa, aka sa masa ruwa da magani ta jijiya. Maganin asibiti kuwa, da yake an auna shi da nauyin yaron ba da ido ba, ya fara aiki. Ranar Talata da yamma ya kama nono. Ranar Laraba ya yi kukan da ya sa kakarsa ta fashe da nata kukan don daɗi. Nagoggo yana zirga-zirga a baranda, hannu a baya, yana gaya wa masu jinya cewa shi ma tsohon ma'aikacin nan ne. Sau biyu ya ga likitan shi kaɗai yana wanke hannu. Sau biyu ya nufe shi, ya gaishe shi, ya yi masa sannu da aiki, ya wuce.

Da yammacin ranar Laraba sakamako ya fito. Kwana biyu cif, ba abin da ya tsiro a kwalbar. Likitan ya ce zai fi son su ƙara kwana ɗaya ko biyu, amma dangin Hussaini sun riga sun taru a Babban Mutum, rago na ɗaure, gobe suna. Nagoggo ne ya fi kowa matsawa. Likitan ya sake duba yaron, ya ga yana tsotso, jikinsa ya yi ɗumi, cibiya ta fara bushewa, ga kwalba fes, ga kati ya ce ba a ba shi komai a gida ba. Da abin da aka ba shi ya yi hukunci, kuma hukuncin daidai ne in da abin da aka ba shi gaskiya ne. Ya tsayar da maganin, ya sallame su, ya ce in sun ga wani canji ko yaya yake su dawo a ranar.

Nagoggo ya karɓi takardar sakamakon ya sa a aljihun gaba. Kafin a raɗa suna da safe rabin garin ya gan ta. "Me na ce muku? Na ce ba komai a jininsa. An je an wahalar da yaro, an tsotse masa ɗan jinin da yake da shi, ga shi na'urarsu ta faɗi abin da na faɗa da hannu." Hussaini, don kunya da neman wanke laifin da yake ganin ya yi, ya ce a sa wa yaron sunan kakansa. Aka raɗa masa Jibrilu. Nagoggo ya rungumi takwaransa yana ta washe baki, maroƙa suna kiran Likita uban likitoci.

Kwana huɗu bayan suna yaron ya sake yin shiru. Wannan karon Asma'u ba ta jira ɗaki ya yi sauƙi ba, ta fito tsakar gida da shi a hannu, abin da ba a taɓa gani ba. Nagoggo ya ɗora bayan hannu, ya ce ai takarda ta nuna ba komai, a bari zuwa gobe a gani. Washegari da hantsi yaron ya fara sanƙarewa, idonsa ya kafe, maɗigarsa ta kumbura. Aka nemo mota. Ba su kai rabin hanyar Daura ba Laraba ta ce da direba ya juya.

Aka binne shi bayan azahar. A zauren gidan, masu gaisuwa suna shigowa, Nagoggo ya sake fito da takardar, ta riga ta yi laushi don ninki. Hawayensa na gaskiya ne, yana share su da hannun riga, amma ɗaya hannun yana miƙa takarda. "Ku duba, har manyan na'urorin Daura ba su ga komai ba. Kwana ne ya ƙare." Mutane suka ce haka ne, Allah ya sa mai ceto ne. Wani ma ya ce in da asibiti na hana mutuwa, ai da jikan Likita bai mutu ba. Hussaini ya zo ya durƙusa ya ce Baba ya yafe masa, wataƙila wahalar hanyar da ya ja wa yaron ce ta karya shi. Nagoggo ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yafe, ai ƙuruciya ce.

Asma'u ta ƙarasa wankanta, safe da yamma, ba goyo. Nono ya cika ya yi mata tsami, aka nemo mata sassaƙe ta sha har ya ƙafe. Ba ta yi wa kowa magana ba sai gaisuwa, aka ce ai dama haka take. Ranar da ta cika arba'in aka haɗa mata kaya za a mayar da ita ɗakinta. Mata suka riga ta fita da ƙullin garar zuwa wurin mota. Ta shigo zaure ta tarar da ubanta shi kaɗai, yana sa takalmi zai tafi shago. Ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Baba, zan koma."

"To, Asma'u. Allah ya ba da haƙuri, ya kawo mai albarka. In kin ji wani ciwo ki aiko, akwai magani."

Ba ta tashi ba. Ta ɗago ta dube shi a ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo.

"Baba, na ji abin da likitan nan ya ce, kai ma ka ji. Ni na riƙe maka ƙafarsa, sau uku. Da aka tambaye ni na yi shiru. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Ban san kai da me kake kwana ba."

Ta miƙe ta fita, ba ta jira amsa ba.

Nagoggo ya zauna da takalmi ɗaya a ƙafa. Abu na farko da ya yi shi ne ya leƙa ƙofar cikin gida, sannan ya leƙa ta waje, ya ga ko akwai wanda ya ji. Babu kowa. Ya sauke ajiyar zuciya, ya sa ɗaya takalmin.